Yadda Nha Tuda ta Kai Baƙo Figueiras

Jirgin ruwa na safe daga Mindelo yakan iso Porto Novo wajen ƙarfe tara, kuma kafin ya gama jingina mu direbobi mun cika bakin ƙofa, kowa na kiran sunan garin da zai je. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina wannan kira. A cikinmu mace ɗaya ce tak, ita kuwa ba ta kira. Takan tsaya can gefe jikin tsohuwar a-kori-kurarta mai benci biyu a baya, hannu a ƙugu, tana jiran waɗanda muka ƙi ɗauka. Sunanta na takarda Gertrudes Delgado, amma duk tsibirin Santo Antão Nha Tuda aka sani. Nha muke sa wa mace don girmamawa, Nhô kuma namiji. Ni na riƙe 'yarta ta fari a coci ranar baftisma, shi ya sa nake ce mata kumadi, ita kuma ta ce mini kumpadi, ko da faɗa muke yi.

A Cruzinha aka haife ta, ƙauyen masunta da ke can arewa, inda hanya ta ƙare. Su bakwai ne a gidansu, ita ce ta biyu. Daga aji huɗu aka cire ta makaranta aka ɗora mata gammo. Busasshen kifi, gishiri, kananzir, duk abin da mutanen ƙauyukan kan dutse ba su da shi, ita da wasu mata suke kai musu a ka, su dawo da rogo da ayaba da wake. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana wannan hawa da sauka, har sai da Firmino direba ya gan ta a bakin hanya ta sauke kwando tana shan ruwa, ya ce zai rage mata hanya. Ta ce ba ta shiga motar wanda ba ta sani ba. Ya yi wata shida yana gabatar da kansa kafin ta shiga. Da suka yi aure ya kawo ta Porto Novo, suka haifi 'ya'ya uku.

Tana da shekara arba'in da ɗaya ciwon suga ya cinye wa Firmino ido. Mota ta yi wata huɗu a ƙofar gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Ni da kaina na je na ba ta shawara.

"Kumadi, ki sayar da motar nan tun tana da daraja. Ki buɗe ɗan shago ki huta."

"In zauna ina auna sukari ina kallonku kuna wucewa?"

"To me za ki yi da ita?"

"Abin da ake yi da mota."

Na yi dariya, ban ɓoye ba. Na ce hanyar dutse ba ta mace ba ce, maza ma sai sun yi addu'a kafin su hau.

Ta ce, "Kumpadi, hanyar da kake hawa a zaune, ni da ƙafa na hau ta, da kaya a ka. Sha kofinka kada ya huce."

Makaho ne ya koya mata tuƙi. Duk Lahadi bayan an tashi coci za ka gan su a filin da ke bayan gari, ita a sitiyari, shi a gefe, hannunsa a kan nata a kan giya. Kunne ne idonsa. "Ba ki ji inji yana kuka ba? Ba shi ta biyu." Da suka fara hawa tsohuwar hanyar duwatsu, wadda ta bi ta kan tsauni, Firmino yakan faɗa mata kwana kafin ta gan ta, don duk kwanar da ke hanyar nan tana jikinsa. "Kwana ta uku nan gaba mayaudariya ce. Tana nuna ta ƙare, ba ta ƙare ba. Rage tun yanzu." Wani lokaci mukan wuce su suna tafiya kamar jaki mai ciki, mu danna ham muna ihu. Ba ta taɓa waiwayowa ba.

Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar lasisi. Ta farko mota ta mutu mata a kan gangare. Ta biyu takarda ce ta kayar da ita, lokaci ya cika ba ta gama karanta tambayoyin ba. Sai ta shiga makarantar manya, ta zauna a bencin yara da gwiwoyinta na taɓa tebur, shekara guda cur. Karo na uku ta dawo da lasisi a cikin rigarta.

Mu kuwa a tasha muka hana ta layi. Ba wanda ya ce mata kada ta zo, sai dai in jirgi ya iso babu inda za ta sa ƙafa. Ni ban hana ba, ban kuma ce a bari ba, wannan ina jin kunyarsa har yau. Ba ta kai ƙara ko'ina ba. Ta koma gefe ta fara kwashe ragowarmu: ma'aikaciyar jinya mai akwatin allurar rigakafi da za ta ƙauyen da hanyarsa ke cin taya, mai awaki huɗu, Turawa masu manyan jakunkuna da ke son a sauke su a gindin wani dutse a je a tare su a wani kwarin. Waɗannan na ƙarshe su suka yi mata suna. Mu kwalta muka sani, ita ta san abin da ke bayan kwalta. Takan dubi mutum daga sama zuwa ƙasa ta ce, "Kai awa biyar za ka yi, matarka huɗu," kuma haka za a yi.

Abin da nake son bayarwa ya faru ne a watan Satumba, shekarar da aka yi ruwa sosai. Wani dattijo ya sauko daga jirgi sanye da kwat mai ruwan ƙasa, da malafa, da sanda, da 'yar jaka. Da ya buɗe baki sai na ji kamar kakata ce ta taso daga kabari, don irin harshen da yake yi mun daina jin sa tun muna yara. Sunansa Amâncio Rocha, daga São Tomé. Bai taɓa taka ƙasar Kabo Verde ba sai wannan zuwan. Mahaifiyarsa, Inocência, tana cikin waɗanda yunwar shekarar alif ɗari tara da arba'in da bakwai ta kora, aka ɗebe su a jirgi zuwa gonakin koko na São Tomé da kwantiragin shekara uku. Can ta tsufa, can ta mutu. 'Ya'yansa ne suka haɗa masa kuɗin tafiya, kwana shida gare shi a tsibirinmu, kuma abin da ya riƙo kawai sunan ƙauye: Figueira.

Na ce, "Nhô Amâncio, ka zo hannun da ya dace. Shiga gaba."

Matsalar ita ce, Figueira ɓaure ke nan, kuma a tsibirin nan duk inda ɓaure ya taɓa tsirowa an sa wa wurin sunansa. Ranar farko na kai shi Lombo de Figueira a kan tsauni, muka bi gida-gida, ba wanda ya san wata Inocência. Rana ta biyu na kai shi Figueiral, cikin kwari mai rake da ayaba. Ya sauka ya tsaya ya karkata kai kamar mai sauraro, sannan ya ce, "Ba nan ba ne. Ta ce daga cikin ɗaki ana jin teku." Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi ma da ya fi mini sauƙi.

Da la'asar na haɗiye girman kai na kai shi gidan kumadi. Firmino na zaune a bakin ƙofa yana ɓare wake. Tuda ta ba baƙo kujera da kofi da cukwin akuya, ta zauna a gabansa.

"Nhô Amâncio, bar sunan. Gaya mini me take cewa in ta tuna gida."

Ya ce tana yawan maganar ranar tafiya. Wai babu inda jirgi zai jingina, sai goya su aka yi ɗaya-ɗaya a baya, ana ratsa ruwa da su zuwa kwalekwale.

Tuda ta juyo ta dube ni. "Figueiras ce. Kumpadi, kwana biyu kana yawo da bawan Allah a kan kwalta, kana neman garin da ko keke bai taɓa shiga ba."

"To ai bai ce mini..."

"Ka tambaye shi?"

Firmino ya yi dariya har wake ya zube. Da ya gama ya ce, "Tuda, Satumba ce fa. Teku ba ta da kirki yanzu, ga ruwa ya yi ɓarna a kwarin Garça. Kuma ina jin baƙon nan yana jan ƙafa ɗaya."

"Gwiwa ce," in ji dattijon. "Ta hagu."

Tuda ta ce, "Nhô Amâncio, ba zan yi maka ƙarya ba. Mota za ta kai mu Cruzinha in hanya ta yarda. Daga nan ko kwalekwale ko ƙafa. Wahala ce zalla. Kana so?"

"Shekarata sittin da shida ina jin sunan garin nan."

"To gobe da asuba. Kai ma kumpadi da kai za a je. Kai ka ci masa kwana biyu, kai za ka riƙe jaka."

Mun haye tsauni lafiya, gajimare a ƙasanmu. A kwarin Garça muka tarar da abin da Firmino ya faɗa. Dutse ya zubo ya rufe hanya, taɓo da manyan duwatsu sun fi tsayin mutum. Motoci uku na juyawa. Wani direba da na sani ya leƙo ya ce, "Nha Tuda, sai dai in motarki na da fiffike. An ce katafila sai jibi."

Tuda ta sauko daga mota. Ta cire takalmi, ta ɗaure zane, ta gangara cikin rafi. Muna kallo tana tafe tana caka sanda a ruwa, har ta ɓace a kwana. Rabin awa sai ga ta, taɓo har gwiwa.

"Tsohuwar hanya na nan. Kafin a yi wannan ta cikin rafi ake bi. Duwatsu biyar ne kawai suka tare, sai wani rami."

"Kumadi, in ruwa ya ƙaru muna ciki fa?"

"Dubi kan dutse. Ka ga hadari? Cire rigar nan taka mai kyau."

Ta hau gonakin da ke gefe ta kira manoma da sunayen iyayensu, don ta san su tun tana dako. Mutum shida suka sauko da fartanya da dogon ƙarfe. Awa biyu muna ture duwatsu muna cike rami. Ni da na shekara ashirin ban ɗaga abin da ya fi taya ba, na ji bayana na kiran sunana. Da za ta shiga ruwa, Nhô Amâncio ya ce bari ya sauka ya rage nauyi.

"Zauna, koma baya ma. Nauyin nake so a kan tayoyin. Kumpadi, hau kai ma, yau tumbinka zai yi amfani."

Ta sa giya ta ɗaya, ta shiga a hankali, ruwa na dukan ƙofa. Mota ta yi tangaɗi, ta zame, ta kama. Tuda ba ta ɗaga ƙafa ba, ba ta kuma ƙara wuta ba, leɓenta kawai ke motsi. Da muka fito kan busasshiyar ƙasa manoma suka yi ta ihu. Na tambaye ta addu'ar me take yi, ta ce ba addu'a ba ce, Firmino take zagi don shi ya fara ambaton Garça.

A Cruzinha ɗan kawunta Quim ke da kwalekwale mai inji. Ya dubi teku, ya dubi dattijo, ya ce yau ko gawar uwarsa ce a Figueiras ba zai je ba. Tuda ba ta yi musu ba, don a kan teku ba ta jayayya da masunta. Ta ce, "Gobe fa?" Ya ce in iska ta kwanta da sassafe, zai kai mu ya juyo nan take, ya koma ɗauko mu washegari.

Iska ta kwanta, ko kuma haka Quim ya ce. Ni dai abin da na gani ruwa ne yana tashi kamar gida yana faɗuwa. A nan zan faɗi gaskiya: a tsibiri aka haife ni, amma ban iya iyo ba, kuma ban taɓa shiga abin da ya fi jirgin Mindelo ƙanƙanta ba. Na rungume jakar baƙo na rufe ido. Tuda ta ce, "Jakar ce za ta cece ka? Buɗe ido ka ga ƙasarku." Na buɗe sau ɗaya, na ga bangon dutse baƙi ƙirin ya miƙe daga ruwa har sama, na mayar na rufe.

Bakin Figueiras ba gaɓa ba ce, tarin duwatsu ne masu santsi da igiyar ruwa ke wasa da su. Quim ya tsaya nesa kaɗan yana riƙe kwalekwale da inji, ya yi fito da baki. Maza biyu suka sauko suka shigo ruwa har ƙirji. Tuda ta ɗora takalminta a ka ta dira da kanta. Ɗayan mazan ya juya wa Nhô Amâncio baya ya ce, "Hau, tsoho, ka riƙe wuyana, kada ka shaƙe ni." Ina kallonsa a bayan mutumin nan, malafa a hannu, ƙafafu na lilo, yana dariya hawaye na zuba. Ni ma goya ni aka yi, amma wanda ya goya ni ya ce nan gaba sai an biya shi kuɗin mutum biyu.

Daga bakin ruwa zuwa gidaje hawa ne na kusan awa ɗaya. Mu mun yi biyu da rabi. Tuda ba ta taɓa ce masa an kusa ba. Sai ta ce, "Daga nan zuwa wancan farin dutsen, sannan ka zauna." In ya huta ta nuna wani. Da haka da haka muka isa.

Ta san wadda za ta nema. Nha Rufina ta kusa casa'in, tana zaune a inuwar bango da lofenta a baki, idanunta sun yi fari-fari. Tuda ta durƙusa ta gaishe ta.

"Wace ce?"

"Tuda ce, ta Cruzinha, mai kawo kananzir."

"Mai rowar mudu! Kina raye? An ce kin zama namiji kina tuƙa mota."

"Ina nan yadda kika san ni. Baƙo na kawo miki daga São Tomé. Ɗan Inocência ne."

Tsohuwa ta cire lofe. "Wace Inocência? Sensa? Sensa ta gidan Nhô Ventura?"

Nhô Amâncio ya ce Ventura sunan kakansa ne. Ta ce ya matso. Ta shafa fuskarsa da hannu biyu, goshi, kunne, haɓa, ta daɗe tana yi.

"Tare muka sauka bakin ruwa ranar nan," in ji ta. "Ni ma an rubuta sunana. Mai ɗiban mutane ya kama hannuna ya ɗaga, ya ce wannan ta rame da yawa, ba za ta kai ba, a bar ta. Na yi kuka kamar raina zai fita. To ga ni nan. Ita fa?"

"Shekara goma sha tara da rasuwa."

"Ta ƙoshi a can?"

Ya ce ba a rasa ayaba da kifi ba, amma aikin ya karya ta da wuri. Tsohuwa ta gyaɗa kai ta mayar da lofe.

Sannan ya yi tambayar da ta kawo shi. Mahaifiyarsa ta bar ƙanwa 'yar shekara shida, Joana. Nha Rufina ta ce Joana ta rayu, saiwar ayaba suka ci har ruwa ya dawo. Ta yi aure, ta haihu, shekara takwas ke nan da binne ta. 'Yarta ɗaya ta rage a tsibirin, Lídia, tana dafa wa yara abinci a wata makaranta a Porto Novo. Na san makarantar. Daga inda nake ajiye motata kana hango rufinta.

Aka nuna mana gidan Ventura. Bango huɗu ne ba rufi, wani ya shuka wake a ciki. Nhô Amâncio ya cire malafa ya tsaya a inda ƙofa take a da, ya ɗaga murya kamar mai magana da wanda ke ɗaki: "Joana, Sensa ta ce in gaya miki ba mantawa ta yi ba. Duk shekara tana roƙon a mayar da ita, duk shekara a ce baɗi." Tuda ta ja ni da hannun riga muka koma bayan wani gida muka bar shi. Da ya fito ya ce da gaske ana jin teku daga ciki.

Washegari muka tashi muka ga teku ta yi fari fat. Ba sai an gaya mana Quim ba zai zo ba. Mutanen gari suka ce irin wannan takan yi kwana uku, takan yi mako. Nhô Amâncio kuwa dole ya hau jirgin yamma na gobe zuwa Mindelo, in ba haka ba jirginsa na sama ya tafi ya bar shi.

Tuda ta zauna ta ci kacupa, masara da waken da aka soya mana, ta cinye tas, sannan ta ce, "Ta ƙafa za mu bi. Mai lafiya awa shida. Mu goma." Ta je ta samo aron alfadari a wurin wani manomi, ta yi alkawarin Quim zai sa a dawo da shi. Ta cika gora uku da ruwa, ta ƙulle dafaffen rogo a ƙyalle.

Ban san yadda zan kwatanta hanyar nan ba. A hau dutse har numfashi ya ƙare, a sauka har gwiwa ta yi rawa, a tarar da wani dutsen na jira. Tuda na gaba da igiyar alfadari, dattijo a kai ya rungume wuyansa, ni a baya da jaka. Inda hanya ta yi siriri dole ya sauka ya taka, hannu ɗaya a bangon dutse, ɗaya a kafaɗarta. Kafin tsakar rana gwiwarsa ta kumbura har wando ya matse. Ta cire kallabinta ta jiƙa ta ɗaure masa.

Bayan azahar muka iso inda ruwa ya gutsure hanya. Abin da ya rage bai fi faɗin tafin ƙafa biyu ba, tsawon kamar taku goma, a ƙasa kuwa teku ce can nesa tana tafasa. Nhô Amâncio ya zauna a kan dutse, fuskarsa ta yi toka-toka.

"Nha Tuda, ku tafi. Abin da na zo gani na gani. In na huta zan koma wurin tsohuwar nan, ko a can aka binne ni ban yi asara ba."

"A'a."

"Ba zan iya ba, 'yata."

"Nhô Amâncio, shekarata goma sha ɗaya ina wuce nan da tulun kananzir a ka, wani lokaci ya fi haka lalacewa. Ban taɓa ɗauko mutum na bar shi a hanya ba, ba kuma da kai zan fara ba. Akwai 'yar Joana a Porto Novo da ba ta san tana da ɗan'uwa ba. Sha ruwa."

Ya sha. Ta fara hayewa da alfadari, tana yi masa magana a kunne, shi kuwa ya wuce kamar ba komai. Ta bar shi a can, ta kwance igiyar ta dawo. Ta ɗaura wa dattijo a ƙugu, ta ba ni bakin igiya ɗaya ta ce in naɗe a wani dutse in zauna a kai. "In ka saki, kumpadi, kada ka dawo Porto Novo." Ita ta riƙe ɗayan, ta shiga gaba da baya-baya, fuskarta na kallon tasa.

"Kada ka dubi ƙasa, ba abin da ka ajiye a can. Dube ni. Na san ba kyau gare ni ba, haƙuri za ka yi. Ƙafar dama. Yawwa. Jawo ta hagu."

Taku goma, amma na ji kamar an yi wa'azin Ista an gama. Da ya kai ya zube a ƙasa yana haki, sai ta juyo ta ce, "Saura kai." Ni ba wanda ya riƙe mini igiya. Da rarrafe na wuce, jaka a baya, ina kiran duk waliyyin da na tuna sunansa.

Rana na dab da faɗuwa muka shiga Cruzinha. Awa goma sha ɗaya. Tuda ta ce ni na ja mata ɗayar.

Da safe ta mayar da mu ta cikin rafin nan, ruwan ya ragu. Ƙarfe goma sha biyu da rabi muna ƙofar kicin ɗin makaranta. Lídia ta fito da ludayi a hannu, mace mai kamar shekara hamsin, ta saurari bayanin Tuda har ƙarshe. Na zaci za a rungume juna a yi kuka. Ba a yi ba. Ta ce mahaifiyarta ba ta cika maganar ba, sai dai wani lokaci ta ce tana da yaya mace a São Tomé, shi ke nan. Suka tsaya suna kallon juna. Can sai ta jawo masa kujerar yara, ta zuba masa abinci a kwanon makaranta, ta zauna tana kallon yana ci. Da ya gama ta ce, "Haka take riƙe cokali." Ta rubuta masa lambar wayarta a bayan takardar awo. Awa ɗaya suka samu kafin aiki ya kira ta. Ƙarfe huɗu muka sa shi a jirgi, ma'aikata biyu suka tallafe shi ya hau matakala.

Ni mako guda na yi a kwance ƙafafuna cikin ruwan gishiri. Tuda washegari ta fita da wasu Jamusawa. Lídia ta gaya mini daga baya cewa duk Lahadi sai ya kira ta, a waya ne ma suka saba har suna faɗa. Shekara uku suna haka kafin ɗansa ya kira ya ce ya rasu, ta sa aka yi masa addu'a a cocinmu, muka je ni da Tuda da Firmino.

Yanzu kumadi ta doshi sittin. 'Yarta ta fari na aikin jinya a Lisbon, kullum tana roƙon su koma can ita da Firmino, ita kuwa ta ce sai ranar da aka yi wa Figueiras hanya ta kai fasinjan farko, bayan nan a yi magana. A watan jiya da ta je sabunta lasisi likita ya ce idonta na dama ya yi rauni, ba zai sa hannu ba sai da tabarau. Ranar ta hau jirgin rana zuwa Mindelo, ta kwana biyu, ta sauko daga jirgin safe da wani tabarau mai kauri, baƙin firam, ya cinye rabin fuskarta. Direbobi suka bar fasinja suka yi mata caa.

"Nha Tuda, an zama malamar makaranta?"

"A'a, lauya ce!"

Ta tsaya ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ta girgiza kai.

"Ashe haka kuke da muni. Shekara nawa ina zaune da ku ban sani ba."

Ta ratsa mu ta nufi wata mata da ke tsaye ita kaɗai da buhun siminti biyu da injin ɗinki, ta tambaye ta ina za ta.